Kujeru Biyu a Bayan Ginshiƙi

A garinmu Brayton, idan ka ce "filin", ba wanda zai tambaye ka wanne. Filin Hadley ne, na ƙwallon gora da ake kira besbol, wanda ke tsugune tsakanin layin dogo da kangon masana'antar ƙarfe. Shekara tamanin da uku yana nan. Rufin kwanonsa yana yoyo a wuri goma sha ɗaya, katakon kujerunsa ya sha koren fenti har ya ƙoshi, bayan gidan maza kuwa gara kada a tayar da zancensa. Duk da haka, ranar da hukumar gari ta sanar cewa kakar bana ce ta ƙarshe, za a rushe shi a koma sabon fili a bakin babbar hanya, waɗanda suka shekara ashirin ba su taka ƙofarsa ba su suka fi kowa kuka a gidan rediyo. Halinmu ke nan.

Orval Dembek bai buga wa rediyo waya ba. Ya karanta labarin a jarida, ya ninke ta, ya ci gaba da yayyanka wa matarsa burodi ƙanana-ƙanana.

Shekarunsa saba'in da huɗu, talatin da ɗaya daga ciki a bakin tanderun narkar da ƙarfe ya yi su. Matarsa Maxine ta koyar da lissafi a firamare har ta yi ritaya, rabin mutanen garin nan ta taɓa murɗe musu kunne. Shekara huɗu ke nan da ciwon mantuwa ya kama ta. Da makullai ya fara, ya koma kan hanyar coci, ya cinye sunayen jikoki, a hunturun bara kuma ya iso kan Orval. Wata safiya ya kawo mata gahawa, ta karɓa da hannu biyu, ta ce ta gode, bawan Allah, amma ya yi haƙuri, mijinta ba ya son baƙi a kicin. Tun daga ranar "bawan Allah" ya zama sunansa a gidan da ya gina da guminsa. Ba ta tsoronsa, ba ta ƙinsa. Ladabin da ake yi wa mai kawo wasiƙa take yi masa, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wuri ɗaya tak ya rage a duniya inda sunansa ke dawowa bakinta. Filin Hadley, Sashe na Shida, layi na goma sha huɗu, kujera ta tara da ta goma.

Tun bazarar da ya fara nemanta suke zama a wurin. Lokacin aljihunsa ba nauyi, kujerun nan kuwa rabin kuɗi ake sayar da su, saboda wani ƙaton ginshiƙin ƙarfe da ke riƙe da rufi ya tsaya ƙiƙam a gabansu. Wanda ke kujera ta goma, idan ya ɗan karkata, yana ganin zango na uku, wato tasha ta ƙarshe da mai gudu ke takawa kafin ya koma gida ya ci maki. Wanda ke ta tara kuwa ko zai karya wuyansa ba zai gan shi ba. Orval, da yake saurayi ne marar wayo, sai ya rigaye ya dasa kansa a ta goma ya bar wa budurwa ta tara, gorin da ya sha ke nan har tsufa. Ita kuma ta zo da fensir da littafin wasa, yadda ubanta ya koya mata. Kowane jifa, kowane bugu, wa ya fita, wa ya kai wane zango, duk sai ta sa masa alama a 'yan ƙananan akwatunan shafin. Da zarar ƙwallo ko mai gudu ya shige bayan ginshiƙi, sai ta zungure shi da gwiwar hannu, ba tare da ta ɗago kai ba.

"Orval, me ya faru?"

Shi kuma ya ce mai gudun ya tsira, ko ya ce ya fita, wato ƙwallo ta riga shi isa zango. Ta rubuta. Ba ta taɓa ɗaga ido ta duba babban allon filin don ta gaskata shi ba, kuma bai taɓa ba ta dalilin dubawa ba. Har shekarar da ƙaninta yake tsaron zango na uku a ƙungiyarmu ta Maƙera, ya saki ƙwallon da ta jawo aka rasa kofi, masu allo suka tausaya suka rubuta cewa bugun ne ya yi kyau, Orval ya ce mata a'a, kuskuren yaron ne. Haka ta rubuta. Ƙanin bai sake cin abinci a gidansu ba sai da Kirsimeti.

Kada wani ya ɗauka Orval son ginshiƙin yake yi. Shekara arba'in da tara yana tsine masa. Wasiƙa bakwai ya rubuta wa masu filin su cire shi, ba su amsa ko ɗaya ba. Clement Tibbs, tsohon direban bas da ke kujera ta goma sha ɗaya tun zamanin da gashinsa ke baƙi, shi ya raɗa wa ginshiƙin suna Surukar Orval, wai ta zauna daram, ba ta cewa uffan, amma ta hana kowa sakewa. Da hali ya samu na komawa kujeru masu kyau, Maxine ta ce ita fensirinta ya saba da nan. Orval ya ce sabo turken wawa, ya kuma sabunta tikitin shekara.

A kakar bana, sau biyu ko uku take kiran sunansa a kowane wasa. Wata Asabar har sau biyar. Yakan ƙirga, ya dawo da su gida ya yi ta juya su a zuci har wasa na gaba, kamar mai lallaɓa ragowar sukari. A tunaninsa iskar wurin ce maganin: ƙamshin gasasshiyar gyaɗa da soyayyar albasa, warin jiƙaƙƙen katako, da sautin tsohon ogan, abin kiɗan nan irin na coci, da ake kaɗawa tsakanin zagaye da zagaye a zagaye taran da ake yi a wasa. Ya gwada a gida. Ya sayo gyaɗa mai ɓawo, ya soya albasa, ya kunna wasa a rediyo, ya ɗora mata littafin a cinya. Ta rubuta komai tsaf, da aka gama ta gode wa bawan Allah da ya taya ta zama. Sai ya sakankance cewa filin ne kansa, kuma idan aka rushe filin, da sunansa za a rushe.

'Yarsu tilo, Darlene, tana aiki a wani kamfanin inshora a Columbus. Yarinya ce mai kirki, kuma kirkinta irin na masu shirya abu ne su kammala kafin su gaya maka. Ta riga ta samo wa uwar gurbi a gidan kula da tsofaffi daga watan Oktoba, domin Orval ya faɗi sau biyu a banɗaki yana ƙoƙarin ɗaga ta. Wannan bai yi gardama a kai ba, ya san ƙarfinsa ya ƙare. Sannan, don ta faranta musu, ta buga wa manajan ƙungiya waya ta ba shi labarin iyayenta. Manaja ya ji daɗin labarin ƙwarai, ya ce a wasan ƙarshe za a zaunar da su a layin farko, daidai bayan farantin gida inda mai bugu ke tsayawa, a kujerun manya masu katifa, kuma bayan wasa za a kira su tsakiyar fili a karrama su.

Da Orval ya ce a'a, da shi ke nan. Amma gaskiya ɗaya ce, shekara arba'in da tara yana hango kujerun nan daga sama yana haɗiyar yawu. Ya kuma yi nasa lissafin, ya ce idan filin yana yi mata magani daga layi na goma sha huɗu, ina ga layi na ɗaya. Ga kuma idon 'yarsa yana ƙyalli tana jiran ya yaba. Ya ce mata Allah ya yi albarka, ta kyauta.

Rana ba ta ƙarya. Lahadin farko ta Satumba, ƙarfe ɗaya na rana, filin da ya saba ganin mutum ɗari takwas ya cika da dubu shida. Har da baƙi daga wasu jihohi, masu yawon kallon tsofaffin filaye kafin a rushe su, kowa da kyamara a wuya. Da suka shigo ta ƙofar yamma suka zo daidai matakalar Sashe na Shida, ƙafafun Maxine suka juya da kansu, ta kama ƙarfen dafawa. Darlene ta ɓamɓare hannunta a hankali, ta ce a'a Mama, yau ke babbar baƙuwa ce, ƙasa za mu. Orval ya ga wannan da idonsa, amma hankalinsa yana kan taye ɗin da ya ɗaura.

Kujerun kam ba laifi. Kana jin ƙarar ƙwallo tana faɗawa safar hannun mai cafka kamar an mari mutum, kana ganin gumin mai jifa, kana jin abin da alƙalin wasa ke gunaguni. Filin duka a shimfiɗe gabanka, daga zango na ɗaya har na uku, ba abin da ya tare. Orval ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba. Maxine ta buɗe littafinta, ta lashi bakin fensir, ta fara aiki.

A zagaye na biyu wani ɗan wasan ƙungiyar da ta zo baƙunta ya sheƙo a guje ya zame a zango na uku, ƙura ta tashi. Orval ya matso da haƙarƙarinsa, wurin da gwiwar hannunta ta saba sauka. Ba ta zo ba. Ta gani da idonta, ta rubuta, ta jira na gaba. Ya ce wa kansa da sauran lokaci. Ya ɓare gyaɗa ya miƙa mata a tafin hannu, ta ce ta gode, bawan Allah, ta ƙoshi. A zagaye na huɗu aka ambaci sunayensu a lasifika, mutum dubu shida suka yi tafi, Darlene tana share hawaye, Maxine kuma ta tambaye ta su wa ake yi wa tafin nan, ko wani ne ya mutu. Zagaye na biyar ya wuce. Sau uku ana fafatawa a zango na uku, sau uku fensir yana motsi ba tambaya. Ya ajiye gyaɗar gefe.

A zagaye na shida sai ga Clement ya gangaro da sandarsa, yana haki, ya zo gaishe da manya.

"Ka ga masu gari," in ji shi. "Har da taye. Yau ba a ganin talaka ke nan."

Orval ya yi yaƙe, ya tambaye shi ya surukarsa. Clement ya ce tana gaishe shi, ta ce a gaya masa ya ci amana, kuma wasu samari biyu 'yan Michigan suna kan kujerunsu suna ɗaukar ta hoto kamar amarya. Ya cire hula ya gai da Maxine, ta gyaɗa masa kai irin na wanda ba ta sani ba. Orval ya jawo hannun rigarsa, ya rage murya, ya ce yau ko sau ɗaya ba ta kira shi ba.

Clement ya yi dariya. "To me za ta tambaye ka, mutumina? Nan har gashin hancin mai jifa tana gani. Ai an sallame ka daga aiki."

Da wasa ya faɗa. Sai ya dubi fuskar Orval, dariyar ta mutu a bakinsa.

Orval ya juya ya ɗaga kai. Can sama a inuwar rufi, ga ginshiƙin nan tsaye, fentinsa yana ɓarewa. Ba gyaɗa ba ce, ba albasa ba ce, ba ogan ba ne. Ashe ƙarfen da ya shekara arba'in da tara yana zagi, shi ne ya bar masa sauran amfani a idon matarsa. Abin da ba ta iya gani ne kawai ke sa ta nemi mijinta, shi kuma da hannunsa ya kawo ta inda take ganin komai, a rana ta ƙarshe, don ya zauna a kan katifa. Garin neman gira ya rasa ido. Kunya da baƙin ciki suka taru a kansa, ya sa hannu ya sassauta tayen.

Ya gaya wa Darlene za su koma sama. Ta ɗauka zafi ne ya dame shi, ta ce bari ta sayo ruwa. Da ta gane da gaske yake, ta shiga lissafa masa dalilai, kuma duk dalilan gaskiya ne. Matakala talatin da takwas ce, ƙugun Mama ba lafiya, an sayar wa wasu kujerun, manaja ya shirya mai hoto, ita kuma ta yi wata guda tana wannan shiri.

"Baba, don Allah kada ka kunyata ni a gaban mutane."

"Darlene, uwarki ba za ta sake kiran sunana ba bayan yau. Ke kin sani, ni na sani. Zagaye uku suka rage mini."

Ba ta ce to ba, amma ta janye ƙafafunta daga hanya.

Sai dai Maxine ta ƙi tashi. Ta ce ita ba ta bin mutumin da ba ta sani ba, mijinta ya ce ta jira shi a nan. Ya lallashe ta, Clement ya lallashe ta, ta ƙanƙame littafin ta kafe ido a fili. Haka rabin zagaye na bakwai ya tafi a banza. To, a tsakiyar zagaye na bakwai al'ada ce kowa ya miƙe ya miƙar da ƙafa a rera waƙa, kuma jiki ba ya manta abin da ya yi sau dubu. Ogan ya ɗauka, filin ya tashi, Maxine ta miƙe da kanta, ta ajiye littafin a kan kujera. Orval ya sa hannu ya ɗauke shi, ya kama hanya.

A duk zamansu bai taɓa taɓa littafin nan ba sai da izininta. Ta biyo shi. Tana ɗingishi tana kiransa ɓarawo, tana roƙon jama'a su tare mata mutumin nan, da muryar nan tata ta aji wadda rabin masu wurin suka sani tun suna 'yan shekara bakwai. Wasu suka gane su suka kau da kai. Wani baƙo ya yunƙura zai riƙe shi, Clement ya gitta masa sanda ya ce ya zauna, maganar gida ce. Orval yana gaba da taki uku, yana riƙe da littafin inda za ta gan shi, kamar mai jan akuya da dusa. Bai taɓa jin ya tsani kansa irin na wannan lokaci ba, kuma bai tsaya ba.

Matakalar ta cinye musu sauran zagaye na bakwai da na takwas duka. Kowace biyar sai ta tsaya ta huta, shi ma ya tsaya. Zagin ya ƙare mata a ta ashirin, saura numfashi. Daga bayansu suna jin filin yana ihu yana yin shiru, ba wanda ya waiwaya. Clement ya riga su isa, ya shaida wa samarin Michigan cewa akwai kujeru biyu masu katifa a layin farko da ke neman masu zama. Samarin suka dubi juna, suka kwashi kyamarorinsu, har suna godiya.

Da Maxine ta iso layi na goma sha huɗu, ba wanda ya nuna mata wuri. Ta wuce ta zauna a ta tara. Hannunta ya laluba jikin ginshiƙin ya sami kan ƙusar da take rataya jakarta, ta rataya. Orval ya ɗora mata littafin a cinya, ta karɓa ba ta dube shi ba. Ta ga akwatunan da suka wuce ba a cike ba, ta yi tsaki, ta tsallake su. Ya zauna a ta goma.

Baƙin da suka zo karawa da Maƙera suna gaba da ci huɗu da uku. 'Yan wasansu uku suka fita a jere a farkon zagaye na tara, ba ƙwallo ɗaya da ta nufi ɓangaren ginshiƙi. Saura bugun Maƙera na ƙarshe, da zarar mutum uku sun fita an tashi wasa. Mutum uku suka rage wa Filin Hadley a duniya.

Na farko ya kai wa iska duka sau uku ya koma benci. A gabanta aka yi, ta rubuta. Na biyu ya ɗaga ƙwallo sama can dama, aka cafke kamar an miƙa. Ta gani, ta rubuta. Orval bai damu da ci ba, bai damu da kofi ba, bai ma san sunan garin da baƙin suka fito ba. Mutumin da rabonsa da roƙon Allah da gaske tun ranar da aka rufe masana'anta, yau ga shi yana roƙo a kan abu ɗaya, a kai wani abu, ko mene ne, bayan ƙarfen nan.

Na uku wani siririn yaro ne mai suna Reyes, ɗan shekara ashirin, ƙafa gare shi kamar barewa, hankali kuwa sai a hankali. A jifa na biyu ya daki ƙwallon sosai. Ƙwallon ta tsaga tsakanin masu tsaron baya biyu ta gangara har jikin katanga. Filin ya miƙe. Yaron ya wuce zango na ɗaya, ya doshi na biyu.

Duk ɗan da aka haifa a Brayton ya san doka ɗaya tun kafin ya iya ɗaure takalmi: idan mutum biyu sun fita, ba a kasadar zango na uku, domin in ka fita an gama. Ka tsaya a na biyu, bugu ɗaya zai kawo ka gida. Orval da bakinsa ya koya wa yaran unguwa wannan, ya kuma zagi 'yan wasa ba adadi a kanta. Kocin da ke zango na uku ya ɗaga hannu biyu sama, mutum dubu shida suna ihun ya tsaya. Tsoho ɗaya ne a Sashe na Shida ya miƙe, jijiyar wuyansa a waje.

"Wuce! Wuce, yaro!"

Ba yadda za a yi yaron ya ji shi. Amma ya sunkuyar da kai ya wuce, ya shige bayan ginshiƙi. Orval ya karkata. Ƙwallon ta riga shi isa da taki biyu cur, mai tsaro har jiransa ya yi. Alƙali ya dunƙule hannu ya ɗaga, alamar ya fita. Filin ya yi wani dogon nishi.

Gwiwar hannu ta sauka a haƙarƙarinsa, daidai wurin.

"Orval, me ya faru?"

Ya koma ya zauna a hankali. Kanta a sunkuye, fensir a kan akwatin ƙarshe, tana jira, da ɗan gajen haƙurin nan nata na da. Muryar matarsa ce, ba ta mai gode wa baƙo ba. Idan ya ce ya fita, za ta ja layi biyu a ƙasan shafi yadda ta saba, ta rufe littafin, shi ke nan an gama. Clement yana gefe, ya cire hula ya riƙe a ƙirji, yana kallon takalmansa.

"Ya tsira," in ji Orval.

"Ka tabbata? Na ji mutane sun yi wani iri."

"Ya tsira, Maxine. Da ƙyar, amma ya tsira."

"Yaron nan ba shi da hankali," ta ce, tana zana alamar. "Da mutum biyu a waje. Ka gaya masa in kun haɗu."

Ya ce zai gaya masa. Ba ta duba allo ba. Shekara arba'in da tara ba ta duba ba, don me za ta fara yau.

Ta gyara zama, ta kai fensir kan layi na gaba, tana jiran mai bugu. A ƙasa 'yan wasa suna gaisawa suna shigewa. Ta tambaya me ya tsayar da wasa, ya ce alƙalai ne ke shawara. Ta ce kullum haka suke. Wasu ma'aikata huɗu suka fito da shebur da diga suka fara haƙe farantin gida, wanda za a ɗauka a kai sabon fili, filin da aka yi ta talla cewa ba shi da ginshiƙi ko ɗaya, kowace kujera tana ganin komai. Mutane suna ta cusa ƙasar filin a kofunan takarda, wani a layin gabansu ya fito da sukundireba daga aljihu yana kwance lambar kujerarsa. Maxine tana kallon masu haƙar, girarta tana haɗuwa. Orval ya kama hannunta na hagu, ta bar masa. Ya yi ta magana, yana ce mata yanzu za a ci gaba, mai bugu na gaba gwani ne, yaron yana nan a zango na uku yana jira, ba ta dai ganinsa ne. Yana jin hannun yana yin sanyi a cikin nasa, ba sanyin jiki ba, irin na wanda ya fara tunanin hannun wa yake riƙe da shi. Ya san abin da ke zuwa, kuma ba shi da sauran ƙaryar da zai tare shi da ita.

Lasifika ta yi ƙara. Manaja yana tsakiyar fili da wani allon katako mai sheƙi a hannu, Darlene tana gefensa tana ɗaga kai tana neman su a cikin jama'a. Aka ce ana gayyatar Orval Dembek da uwargidansa su sauko. Aka maimaita.

Maxine ta zare hannunta a hankali, ta ɗora a kan littafin. Ta juyo ta dube shi sosai, da fara'a da ladabi.

"Bawan Allah, ka yi haƙuri fa. Kujerar nan ta mijina ce. Ka ji ana kiransa, yanzu zai dawo, kuma shi ne ke duba mini zango na uku."

Clement ya ɗago zai yi magana, Orval ya girgiza masa kai. Ya dafa ginshiƙin ya miƙe, ya kakkaɓe ɓawon gyaɗar da samarin suka bari a kan kujerar, ya ce ta yi haƙuri, bai sani ba. Ya koma kan matakala ya tsaya, ya bar wa mijinta wurinsa.